Miji da mata za su fita waje karon farko: daga ina za su fara, wa zai riƙe me?

Ɗan Marwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena da matarsa sun ɗan tara abin da suka tara, suna so su fita su ga garuruwan waje, ko Dubai ko Istanbul ko Alƙahira, in hali ya yi su haɗa da umara. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa wuce Yawunde. Masu sanin hanya ku taimaka mana dalla-dalla: wace takarda, daga ina za su tashi, nawa za su riƙe, kuma me ya fi ɓata wa ma'aurata tafiya?

Tsohon Sakataren Meri: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga jirgi, ɗana, auren nasu an rubuta shi a meri, wato ofishin magajin gari, ko fatiha kawai aka shafa a ƙofar gida?

Ɗan Marwa: Fatiha ce, Baba. Limamin unguwa ya ɗaura, da waliyyai da shaidu.

Tsohon Sakataren Meri: To daga nan za a fara. A wurin Allah aure ya ɗauru, babu ja. Amma ofishin jakadanci ba ya karɓar shaidar baki, takarda yake karantawa. Su je ofishin magajin garin da ɗayansu yake zaune ko aka haife shi, da takardun haihuwarsu, da kwafin katin ɗan ƙasa, da hotuna, da shaidu. Ana liƙa sanarwa wata guda kafin ranar sa hannu, saboda haka ba abin da za a yi cikin mako ɗaya ba ne. A Kamaru takardar tana da gurbi biyu da mutane ke sa hannu ba su karanta ba: mata ɗaya ko fiye da ɗaya, sannan dukiya a haɗe ko kowa da tasa. Wanda ya zaɓi mata ɗaya ba zai iya rubuta ta biyu ba muddin auren farko yana nan. Su zauna su yi shawara a gida tukuna, kada a je gaban magajin gari ana kallon-kallo.

Abin da ya fi tsayar da mutanenmu na Arewa kuwa shi ne matar ba ta da takardar haihuwa sam. In haka ne sai an bi ta kotu an samo hukuncin da zai maye gurbinta, wannan kuma yakan ci makonni. Na biyu rubutun suna. A takardar haihuwa Aïssatou, a katin ɗan ƙasa Aichatou, a takardar aure Aissa. A gida duk mutum ɗaya ce, a kwamfutar jakada mata uku ne. A daidaita tun kafin a nemi fasfo, don fasfo daga takardar haihuwa yake kwafa.

Matashi Mai Gaggawa: Baba, da girmanka, ai yanzu ba wanda yake tambayar takardar aure. Dubai ma sun daina tun 2020.

Ɗalibin Azhar: Dubai daban, Masar daban. A Alƙahira akwai otal-otal da yawa, musamman matsakaita da gidajen haya na kwanaki, da ba za su ba namiji da mace ɗaki ɗaya ba sai sun ga takardar aure, kuma sun fi matsa wa masu sunan Musulmi. Sunan miji ba ya fitowa a fasfon mace in ba an sa an rubuta ba, to da me za ka nuna matarka ce ƙarfe biyun dare a gaban mai karɓar baƙi? A Maroko ma ana cin karo da haka. Su riƙe ta asali, da kwafi biyu da aka buga wa hatimi, da hotonta a wayoyinsu duka. In da hali a fassara ta zuwa Larabci wurin mai fassarar da kotu ta yarda da shi.

Hajiyar Garwa: Ba otal kaɗai ba. In matar ba ta da albashi ko rajistar kasuwanci, mijin ne zai tsaya mata a neman biza, takardar bankinsa ce za ta ɗauke su su biyu. Ba takardar aure, ba abin da ya haɗa fayil ɗinta da kuɗinsa. Haka a asibiti in ana neman wanda zai sa hannu.

Mai Tikiti na Kusiri: Fasfo kuma. Na Kamaru tun 2021 sefa 110,000 ne, shekara biyar yake yi, su biyu 220,000 ke nan, a sa a lissafi tun yanzu. Ana fara cikewa a intanet, a biya, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da yatsu. Su cike da kansu ko a gabansu, kada su bar wa yaron shagon intanet shi kaɗai, nan ake juya ranar haihuwa. In akwai mai tsohon fasfo, ya duba ya rage masa aƙalla wata shida daga ranar shiga ƙasar, da shafuka biyu da ba a buga wa komai ba.

Hanya: mutumin Marwa yana da zaɓi biyu. Ko ya gangara kudu, ya tashi daga Yawunde ko Duwala, ko ya haura Kusiri ya ƙetare gadar Ngeli ya tashi daga Njamena. Daga Njamena akwai jirgin Habasha ta Adis Ababa, akwai na Turkiyya, akwai na Masar. Ɗan Kamaru ba ya buƙatar biza ya shiga Cadi, tun 2017 ƙasashen CEMAC shida, wato na Afirka ta Tsakiya masu kashe sefa iri ɗaya, suka buɗe wa juna. Amma ku ji wannan: su tsaya a gada a buga musu hatimin fita da na shiga a cikin fasfo. Kada su bi ayarin 'yan kasuwa su wuce da katin ɗan ƙasa, sai a filin jirgi a tambaye su ta ina suka shigo. Kuma su ƙetare da rana, kwana ɗaya kafin tashi, su kwana a Njamena.

Direban Ngaundere: Malam Mai Tikiti, kana jan ruwa zuwa gonarka ne. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri kowa ya san halinta, ga ramuka ga maganar tsaro, ba a bin ta da dare, da damina kuwa sai addu'a. Mutum da iyalinsa da akwatuna gara ya zo Ngaundere ya shiga jirgin ƙasa na Camrail. Yana tashi da yamma, gari na wayewa ana dosar Yawunde. Su kama ɗakin kwana mai gado biyu, ba mai huɗu ba, su rufe ƙofarsu. Sai dai a sayi tikitin da wuri don masu gado biyun ne ke fara ƙarewa, kuma kada a sa jirgin sama a ranar da jirgin ƙasa zai iso. Yana makara.

Mai Tikiti na Kusiri: Ban musa ba. Amma ka manta ofisoshin jakadanci ne ke yanke wannan gardamar. In a Yawunde za su nemi biza, dole su je can da ƙafarsu a ɗauki yatsu, to sai su tashi daga can. Lissafin a haɗa shi duka: mota, kwana, abinci, tikiti, sannan a gwada.

Abin da nake roƙo ko ta ina za su bi: tikitin su biyu ya zama a rajista ɗaya, lamba ɗaya. In an saya daban-daban, ranar da jirgi ya cika ko aka soke tashi, kamfani zai iya tura miji yau, mata gobe, don a wurinsa baƙin juna ne. Kuma tafiya mai zango biyu a saye ta a tikiti ɗaya. Wanda ya sayi Njamena zuwa Alƙahira daban, Alƙahira zuwa Istanbul daban don ya rage kuɗi, in na farko ya makara na biyu ya tafi da kuɗinsa, kuma sai ya fita ya ɗauki kaya ya sake shiga, abin da ke buƙatar biza. Wanda kuma bai hau zangon farko ba, kamfani yana soke sauran har da na dawowa. Masu bi ta Paris zuwa wata ƙasa su sani, ɗan Kamaru da ɗan Cadi suna buƙatar bizar tsayawa a filin jirgin Faransa ko da ba za su fita gari ba, sai in suna riƙe da irin bizar da ke ɗauke musu wannan.

Gwaggon Njamena: Ku ƙara wannan, maza ba sa tunawa da shi. Kada amarya ta yi lalle a yatsu ana gobe za a je ɗaukar yatsu, ko a wurin fasfo ko a wurin biza. Baƙin lalle mai kauri yana rufe zanen yatsa, na'ura ta ƙi karantawa, a ce ta dawo in ya goge. Ranar da aka samu da ƙyar ta tafi ke nan. Haka a filin jirgin Jidda. In dole sai an yi kwalliya, a yi a bayan hannu a bar kan yatsu fari.

Hajiyar Garwa: Gwaggo kin taɓo inda yake. Hoton biza ma, ana yarda da ɗankwali ko hijabi, amma fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa.

Ɗan Marwa: Allah ya saka. To Turai fa? Shi yaron ransa na kan Paris.

Mai Tikiti na Kusiri: Ya bar Paris zuwa tafiya ta biyu ko ta uku. Kuɗin bizar Shengen, wadda ake shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90 ne kowane mutum tun Yunin 2024, wajen sefa 59,000, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, kuma in an hana ba a mayarwa. Ana son inshorar lafiya ta yuro 30,000, da shaidar masauki, da takardar banki ta wata uku. Abin da ke kayar da mutane: asusu yana kwance ba motsi, sai mako biyu kafin nema a zuba miliyan huɗu da aka aro. Suna ganewa. Ma'aurata matasa, sabon fasfo ba hatimi ko ɗaya, ba yara da aka bari a gida, su ne jakada ya fi zargin ba za su dawo ba. Su fara da inda ƙofa take a buɗe. Kigali, misali, ɗan Afirka yana samun izinin kwana 30 a filin jirgi, gari ne mai tsabta da kwanciyar hankali. Sai dai kada su shiga da leda, an hana tun 2008.

Alhaji Ɗan Canji: Mu zo kan kuɗi. Sefarmu ba ta da amfani da zarar an bar ƙasashen nan shida. Ko a Nijar da Kwatano ba ita ake kashewa ba, tasu daban ce duk da darajar ɗaya. Su canza tun a gida, kuma yuro ya fi mana, don a ɗaure yake da sefa: yuro ɗaya sefa 655.957, wato yuro 100 kusan 65,600, abin da ya hau kai ladan mai canji ne. Dala tana hawa tana sauka. Ga Dubai da Saudiyya ne dala ke da daɗi, tunda kuɗinsu a ɗaure yake da ita, dirhami 3.67 ne dala ɗaya. In za a riƙe dala a nemi sababbin takardu masu shuɗin zare, marasa yagewa, marasa tambarin biro. Tsofaffi ana ƙin su ko a karya musu farashi.

Dokar BEAC, babban bankin ƙasashenmu shida, ta ce abin da ya haura kwatankwacin sefa miliyan biyar a hannun matafiyi sai an bayyana wa duwan, wato kwastan, da hujja. A Turai iyakar yuro 10,000 ce. Katin banki kuma su je reshe da kansu a buɗe masa aiki a waje, a faɗa musu iyakar cirewa ta rana. Layin wayar gida ya zauna a cikin waya, don lambar tabbatarwa ta nan banki ke turowa, ba ta sabon layin da za su saya can ba. In na'urar cirar kuɗi ta tambaya a lissafa da kuɗin ƙasar ko da yuro, a zaɓi kuɗin ƙasar, ɗayan canjinsa tsada ne.

Fasfo da kuɗi duk su zauna wurin maigida, a jakar ciki. Shi ne shugaban tafiya.

Hajiyar Garwa: Alhaji, ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa na karɓa ban da layin ƙarshe. Wannan layin shi ne ya fi jefa mata cikin wahala a garin mutane. Shugabanci ba a hana shi ba. Amma ka dubi yadda garuruwan nan suke. Jirgin ƙasa na Dubai yana da ɓangaren mata da yara, namijin da ya tsaya ciki tararsa dirhami 100. Na Alƙahira yana da taragun mata a tsakiya. Masallatai ƙofar maza daban ta mata daban. A Madina lokacin shiga Rauda na mata daban ne da na maza, kowa da izininsa a manhajar Nusuk. A filin jirgi layin bincike yakan rabu. Wato ko sun so ko ba su so ba, sau da yawa a rana za a raba su. To a wannan lokacin matar tana tsaye ba fasfo, ba ko sisi, ba waya mai aiki, ba ta san sunan otal ba, ba ta jin harshen garin. In ɗan sanda ya tambaye ta takarda me za ta nuna? In kuma aka yanke jakar maigidan a cunkoso, an kwashe na mutum biyu a lokaci ɗaya.

Alhaji Ɗan Canji: Hajiya, mata suna ajiye jaka su manta. A wurin alwala, a shago wurin gwada kaya.

Hajiyar Garwa: Maza ma suna mantawa, Alhaji, a kan teburin mai shayi. Maganinsa ƙaramar jaka mai igiya da ake ratayawa a wuya a ƙarƙashin hijabi, ba jakar hannu ba. Ga yadda ya kamata a raba. Kowa ya riƙe fasfonsa, ya riƙe kwafin na ɗayan. Kuɗi kashi uku: kaso wurinsa, kaso wurinta, kaso a akwatin ƙarfe na ɗakin otal. Kowa da layin waya mai intanet, ba a ce ita ta jona da tasa ba. Kowa ya ɗauki katin otal mai adireshi daga teburin karɓar baƙi, a rubuce da harshen garin, wanda za a miƙa wa mai tasi ba sai an yi magana ba. Kuma ta haddace lambarsa da ka.

Gwaggon Njamena: Da ƙa'idar ƙofa. Ƙofar jirgin ƙasa ba ta jiran kowa, tana ƙara ta rufe. Su yi alkawari tun a ɗaki: in ta raba su, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya daidai inda ya sauka, wanda aka bari ya hau na gaba ya same shi. Kada kowa ya juya neman kowa, nan ake yin sa'a uku ana wuce juna. A Harami kuma kada a ce mu haɗu a bakin ƙofa, ƙofofin sun fi a ƙirga kuma duk kama suke. A faɗi lamba da lokaci. Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce 1, ta Sarki Fahad 79. A ce bayan sallame isha'i da rabin sa'a, a ƙofa 79, daga waje hannun dama.

Alhaji Ɗan Canji: Na ji ta kuɗi da katin otal. Fasfo dai ina nan a kan bakana, aƙalla a cikin filin jirgi.

Mai Tikiti na Kusiri: A filin jirgin ma, Alhaji, jami'in shige da fice yakan kira su ɗaya bayan ɗaya. Kuma yakan tambayi matar: ina za ku sauka, kwana nawa, yaushe za ku koma? In ta ce sai a tambayi maigida, sai a sa su gefe. Ba laifi suka yi ba, amma amsar da ba ta zo ɗaya ba ita ke jawo ɗakin tambayoyi. Ya zaunar da ita ya nuna mata komai, ta riƙe kwafin tikitin dawowa da na otal a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Nas ta Asibitin Gari: Bari in shigo da nawa. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, dole ne, kuma sai allurar ta kwana 10 take fara aiki a takarda. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, kada wani ya ce ta ƙare a sake biya. Masu umara su ƙara da ta sanƙarau mai nau'i huɗu, ita ma kwana 10 kafin shiga. A yi allurar da gaske. Katin da ake saya ba allura ba ya kare kowa a cikin cunkoson ɗawafi.

Magani: kada tramadol ko maganin tari mai kodin ya shiga kayansu. Abin da ake sayarwa a teburin bakin kasuwa a nan, a Masar da Dubai yana kai mutum kurkuku. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tafi da maganinsa a kwalinsa na asali, da takardar likita, a jakar hannu. Su riƙe maganin zazzaɓin cizon sauro cikakken zubi ɗaya kowa, don cutar takan kwanta a jiki ta tashi bayan an isa, likitan Istanbul kuwa ba ita zai fara tunani ba. In zazzaɓi ya zo su faɗa masa daga ƙasar sauro suka fito, a gwada jini.

In matar tana da juna biyu a faɗa tun kafin sayen tikiti. Yawancin kamfanoni daga mako 28 suna neman takardar likita, daga mako 36 ba sa ɗauka, mai tagwaye tun kafin nan. Kuma mai ciki ba a yi mata allurar shawara sai da shawarar likita.

Gwaggon Njamena: Sai matakala mai tafiya da kanta. Mai lafaya ko doguwar abaya ta tattare bakin zanenta da hannu ɗaya kafin ta taka, ta tsaya a tsakiya, don gefen yana cin tufa. Akwai jan maɓalli a sama da ƙasa na tsayar da ita. Mai jin tsoro ta nemi lif, ko'ina akwai.

Ɗan Marwa: Guzuri fa? Uwarsu ta riga ta fara maganar kilishi.

Mai Tikiti na Kusiri: Turai an hana shiga da nama da madara da man shanu a kayan matafiyi, kilishi a kwandon shara zai ƙare. Goro kada ya doshi Saudiyya. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya a ɗaure su da kyau a rubuta sunansu, a sa a babban akwati. Humra da man turare duk kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta shiga jakar hannu, za a karɓe a gaban mai ita. Batirin cajin waya kuma akasin haka, a hannu yake tafiya, ba a akwati ba. In tikiti ya ce akwati biyu masu kilo 23, ba a haɗa su a yi ɗaya mai 46. Kuma su cakuɗa kayan: kowane akwati a sa nasa a sa nata, in ɗaya ya ɓace ba wanda zai kwana uku da tufa ɗaya. In akwati bai fito ba, kada su bar filin jirgi sai sun cike takardar ɓatan kaya an ba su lamba, su adana ɗan tikitin da aka liƙa musu lokacin awo.

Ɗalibin Azhar: Game da zaɓin gari, ni Alƙahira zan ce. Rayuwa da sauƙi, abinci halal ko'ina, mutumin Kusiri ko Njamena mai jin Larabcin Shuwa zai kama na Masar cikin kwana kaɗan. Masallacin Azhar da na Husaini da kasuwar Khan Khalili duk wuri ɗaya suke, yini guda a ƙafa. Dala ta Giza, wato manyan kaburburan Fir'aunoni, a je da sassafe. Mai raƙumi ko doki a yi ciniki a gama kafin a hau, a faɗa masa kuɗin na hawa da sauka ne, na mutum biyu, da fam na Masar. Tasi a kira ta manhaja, farashi a rubuce. Ɗalibanmu suna da yawa a unguwar Madinat Nasr, ba za su rasa mai raka su ba.

Hajiyar Garwa: Alƙahira tana da hayaniya, ƙetare titi kaɗai aiki ne ga baƙo. Ga mata da miji Istanbul ta fi daɗin yawo. Su sauka kusa da layin taragon T1, shi ke bi ta Aksaray, Laleli, babbar kasuwa, Sultan Ahmad har Eminonu, wato sari da ziyara duk a layi ɗaya. Su sayi katin sufuri na Istanbulkart su zuba kuɗi, da shi ake hawa tarago da bas da jirgin ruwan da ke ƙetarawa Uskudar, ɓangaren Asiya, a kuɗi kaɗan. Babbar kasuwa ba ta buɗewa ran Lahadi. Aya Sofiya ta koma masallaci tun 2020. Filayen jirgi biyu ne, ɗaya a ɓangaren Turai ɗaya a Asiya, nesa da juna ƙwarai, a duba tikiti da kyau ranar dawowa. Mai tasi ya kunna mita, kuma in za ka miƙa kuɗi ka faɗi adadin da baki, don akwai masu sauya takarda su ce ƙarama ka bayar. Daga Disamba zuwa Maris sanyinsu ba irin hunturunmu ba ne, da ruwa yake zuwa, rigar sanyin kirki a can za a saya.

Matashi Mai Gaggawa: Ba wanda ya yabi Dubai?

Alhaji Ɗan Canji: Dubai ta mai saye ce. Unguwannin Deira da Naif, kasuwar zinari, ka hau kwalekwalen abra da dirhami ɗaya ka ƙetare. Amma daga Yuni zuwa Satumba zafinta da gumi ya fi na Kusiri a watan Afrilu. Kiran WhatsApp ba ya tafiya, sai saƙo, a sauke manhajar kira ta Botim tun a gida a kuma sauke wa iyaye. Ci ko sha a cikin jirgin ƙasa tara ne. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, haka Saudiyya, cajarmu ba ta shiga sai da mahaɗi. Otal yana karɓar harajin kwana a kan kowane ɗaki ban da kuɗin da aka gani a intanet. Bizar da ɗan kamasho ya turo a duba lambarta a shafin hukumarsu kafin a biya sauran kuɗi. Zinarin da Hajiya za ta saya a riƙe rasit, duwan na gida zai tambaya.

Ɗan Marwa: To in sun ce duka ukun za su haɗa da umara a kwana goma sha biyu?

Mai Tikiti na Kusiri: Kada su yi. Biza huɗu, tikiti mai zango biyar, kowane sauyin gari yana cin yini guda tsakanin haɗa kaya da filin jirgi da jiran ɗaki, don otal ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyun rana. Gari ɗaya da umara ya isa. Su fara da umarar tun da ƙarfinsu da kuɗinsu, sayayya ta zo a ƙarshe, kada a yi ta jan akwatuna zuwa Makka. A tambayi lokaci kuma, ana rufe bizar umara gabanin aikin hajji, a Ramadan kuwa kuɗin masauki yana ninkawa.

Ɗalibin Azhar: In Jidda za su sauka su wuce Makka kai tsaye, haramin maigida ya kasance a jakar hannu, ba a akwati ba, don ana wuce miƙati tun a sama. Ya ɗaura a filin jirgin da suka yada zango, niyya in an sanar a cikin jirgi. Wanda ya fara da Madina ya huta da wannan, sai ya ɗauka a Zul Hulaifa, miƙatin Madina. Tsakanin garuruwan biyu akwai jirgin ƙasa na Haramain, kilomita 450 cikin sa'a biyu da 'yan mintuna, amma yana da iyakar kaya, babban akwati ɗaya da jakar hannu ga kowane mutum. Kujerun su biyu a saye su tare a lokaci ɗaya, in ba haka ba sai a same su a tarago daban-daban.